Da A Ce Mutanen Gabas Ne Suka Ci Yaƙin

A gidanmu na Balan, da zarar an cire gyaɗa an shigo da ita gida, yara ba su da sauran yawo bayan magariba. Kowa zai ɗauko ƙwaryarsa ya zauna ɓara. Iya, mahaifiyar babanmu, ita ke hura wutar kara a bakin ɗakinta, ta miƙe ƙafafunta masu ciwo wajen ɗumin, ta riƙa tura mana 'yar gyaɗa cikin toka don kada mu yi gyangyaɗi a kan aiki. Mu uku ne a gabanta kullum: yayana Auwalu, ni, sai ƙanwarmu Ummi, wadda ba ta iya ɓara ba tukuna, ci kaɗai ta iya.

Iya ta san tatsuniyoyin kura da na dila, ta san na aljanun tsamiya, amma akwai labari ɗaya da take cewa shi ba tatsuniya ba ne, na gidanmu ne. Shi muka fi so.

Zamanin kakannin kakanninta, in ji ta, bayan jihadi da wasu shekaru, wata babbar runduna ta taso daga Barno ta nufo birnin Kano. Hanya ta biyo da su ta ƙasar Gaya. Da labari ya iso ƙauye, kowa ya kama gabansa. Akwai wata yarinya Kande, wadda ba ta wuce sa'ata ba a lokacin. Uwarta ta ga ba za ta iya gudu da yara biyu da awaki ba, sai ta cusa Kande cikin kogon wata tsohuwar kuka tare da ƙaninta na goye. Ta ba ta goran ruwa da dunƙulen fura, ta toshe bakin kogon da ƙaya, ta ce mata kada ta fito sai ta ji muryarta. Daga cikin duhun kogon Kande ta ji dawakai sun wuce yamma, da ganguna da algaita, ƙasa na rawa a ƙarƙashinta. Duk sanda jaririn ya motsa sai ta ɗora tafinta a bakinsa. Ruwan goran na dab da ƙarewa ta sake jin dawakan, amma wannan karon gabas suka nufa, a guje, babu ganga babu algaita. An karya su. Sai ga muryar uwarta tana kira.

Nan Iya ke tsayawa kullum. Ta ce, "Kanden nan ita ta haifi wanda ya haifi kakata. Kun ga ke nan daga kogon kuka muka fito." Mu yi dariya, a kwashe ɓawo, kowa ya tafi shimfiɗarsa.

Wata rana Auwalu ya dawo daga wasan yaƙi da suke yi da karan dawa a bayan gari, ya sha kashi har leɓensa ya kumbura. Iya na gama labarin ya ce, "Iya, to da a ce su ne suka ci mu fa?"

Iya ta dube shi, ta dubi wutar. Ta ɗauki kara ta gyara garwashin.

"Kana so ka ji wannan?"

"Ina so."

"To ku matso. Wanda zan ba ku yau bai faru ba, amma da ƙyar ya kauce mana."

Ta koma farkon labarin, ta sake cusa Kande a kogon, ta sake toshe bakin da ƙaya. Dawakai suka wuce yamma. Sai ta rage murya har sai da muka daina ɓara don mu ji.

"Sun isa, sun ci. Yanzu ga su nan sun juyo. Kun san yadda wanda ya ci yaƙi yake dawowa? A hankali. Ba wanda ke bin sa, ba shi da abin yi wa sauri. Waɗanda aka karya ba su tsaya duba kuka ba, ransu suke nema. Waɗannan kuwa suna da lokaci. Su buɗe rumbu su duba. Su leƙa rijiya. Su caccaki tarin harawa da mashi. Suka sauka a gindin kukar nan don su sha inuwa, suka kwance sirdi, Kande na jin numfashin doki a jikin ƙayar. Ta danne bakin ƙaninta. Ta danne, ta ƙara dannewa. Shi kuma yaro, ƙishirwa ta ishe shi."

Ummi ta saki gyaɗar da ke hannunta ta rarrafo ta shige cinyata.

"Sai ya yi tari," in ji Iya. "Ɗaya tak."

Har yau ina iya jin yadda ta kwaikwayi tarin nan, ɗan ƙarami, kamar na ɗan akuya. Ta ce hira ta tsaya a gindin kuka. Wani ya tashi. Aka ja ƙayar gefe, haske ya shigo, sai hannu, ya lalubo ƙafar Kande. Iya ta miƙo hannunta a hankali ta saman wutar ta kama idon sawuna.

Ba ta tsaya nan ba. Ta sa wa Kande igiya a wuya, ta jera ta da sauran yaran ƙauyuka, ta kora su gabas cikin rairayi. Jaririn kuwa, ta ce, ba mai ɗaukar jariri a irin wannan tafiya. Uwar ta dawo ta yi ta kira a bakin kogo, ba amsa. Kande ta girma a wani gari da ba mu san sunansa ba, aka canza mata suna, Hausar ma ta zube daga bakinta. Su kuma waɗanda suka ci, suka naɗa nasu masu gari, suka raba gonaki.

"Gonar babanku ta bakin fadama, wani ne ke noma ta. Ɗakin nan nawa, babu shi, ciyawa ce a wurin. Ni babu ni." Ta nuna Auwalu da karan hannunta. "Kai babu kai." Ta nuna ni. "Ke ma, Binta, ba a taɓa haihuwarki ba. Ba wanda ya yi kewarki, don ba wanda ya san da ke."

Ummi ta fashe da kuka. Mamanmu ta leƙo daga madafa ta ce, "Haba Iya, don Allah! Yaran nan fa ni za su hana barci."

"Shi ya tambaya," in ji Iya.

Auwalu ya so ya rufe tsoronsa da cika baki. Ya ce, "Gara da aka karya su. Da ma an kashe su duka, ko ɗaya bai tsira ba."

Fuskar Iya ta canza. Ta ce masa ya zauna, labari bai ƙare ba, akwai gutsuren da ba ta taɓa ba mu ba don ta ga mu yara ne.

A labarin gaskiyar, ta ce, da Kande ta fito daga kogo ta ruga rijiya, ta tarar da wani matashi kwance a bakinta, ɗan rundunar gabas, mashi ya huda masa cinya. 'Yan uwansa sun gudu sun bar shi. Ba ya jin Hausa, sai ya nuna mata bakinsa da yatsa. Ta ja guga ta ba shi ya sha. Da mazan ƙauye suka dawo suka gan shi, suka zare wuƙaƙe. Shi kuma da ya ga mutuwa ta zo, sai ya lumshe ido ya kama karatun Alƙur'ani. Limamin ƙauyen ya tsaya yana sauraro, ya ji karatu tsaf babu gyara, sai ya shiga tsakani ya ce ba za a yanka mai wannan a gabansa ba. Aka yi ta ja-in-ja har rana ta faɗi, liman bai matsa ba. Matashin ya warke da ɗingishi, ya zauna, ya koyi noma da Hausa. Bayan shekaru masu yawa, Kande ta zama cikakkiyar mace, shi ta aura.

Iya ta ce, "Kun taɓa jin wata tsohuwa a garin nan na ce wa wanda ya dawo daga gona wushe in ban da ni? Sannunsa ce, ita kaɗai ta rage mana daga bakinsa. Da mutanensa sun ci, da sun ɗora shi a doki sun tafi da shi gida. Da namu sun yi yadda kake so, Auwalu, da an binne shi a bakin rijiya. Ko ta ina ka bi, babu kai."

Ni kuwa na daɗe ban dawo daidai ba. Akwai wata kuka mai kogo a hanyar rijiyarmu, na riƙa zagaye ta ta cikin gonar mutane, ƙaya na sukata. Wani lokaci ina cikin wasa sai in tsaya in mintsini hannuna don in tabbatar ina nan. Da abin ya ishe ni na sami Iya tana tsince wake, na ce, "Iya, to wa ya kamata mu so ya ci?"

Ta ce, "An riga an yi an gama, Binta. Ɗauki tulu ki je ki ɗebo ruwa."

Iya ta rasu ina budurwa. Na yi aure a Ajingi, ina soya ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ina kai wa kasuwa. Na ɗauki labarin nan a matsayin dabarar tsohuwa ta ladabtar da yaro mai cika baki, har shekarun da arewa maso gabas ta rikice.

Wata ranar kasuwa mota ta sauke wata mata da yara biyu a tasha. Falmata sunanta. Ta zo neman wani ɗan uwan mijinta, ashe ya daɗe da tashi. Mai unguwa ya yi ta neman inda za a ajiye su, kowa na kawo uzuri, don lokacin mutane na tsoron duk wanda ya fito daga can. Muna da ɗakin ajiyar gyaɗa a zaure. Maigidana ya ce, "Ke za ki zauna da su, ke za ki yanke." Na amsa, amma ba zan ce zuciyata ta kwanta ba. Na daɗe ina saka sakata a ƙofata, ina kasa kunne ga duk motsin da ya fito daga zauren.

Falmata ba ta da yawan magana. Takan zo ta taya ni ɓara da yamma, mu yi aikinmu shiru. Wata rana ƙaramin ɗanta ya yi tari a bayanta, sai na ga hannunta ya kai bakinsa tun kafin ta san ta yi. Ta janye hannun, ta dube ni, sannan ta fara magana da gurguwar Hausarta.

Ta ce da aka shigo garinsu, ramin da ake ajiye hatsi ta shiga da ƙananan biyu. Babbar 'yarta, Yagana, ba ta sami wuri ba, sai ta ɓuya a ɗakin awaki. Sun yi zaton za a yi harbi a wuce. Ba a wuce ba. Waɗanda suka shigo sun ci garin, suka zauna, suka dafa abinci, suka bi gida-gida suna dubawa.

"Ina jin ta tana kirana," in ji Falmata. "Hannuna biyu suna kan bakin yara biyu."

Na zauna da gyaɗa a hannu, jikina ya yi sanyi irin wanda rabona da shi tun ina yarinya.

Duk rayuwata na ɗauka Iya ƙirƙiro rabin labarin nan ta yi. Yanzu ban tabbata ba. Ƙasar Gaya cike take da kukoki, kuma ba Kande kaɗai aka ɓoye ba a wancan zamani. Mu da tamu ta tsira muke da bakin ba da labari, mu ce saura kaɗan. Waɗanda aka lalubo nasu ba su bar jikokin da za su zauna a bakin wuta ba. Wataƙila Iya ta ji nasu labarin daga wata tsohuwa, ta riƙe shi har ranar da aka tambaye ta. Ban tambaye ta ba tana raye, yanzu kuma ba wanda zan tambaya.

Falmata na nan Ajingi har yau. Ta kama nata ɗaki, tana sayar da turaren wuta, yaranta sun fi ni iya Hausar kasuwa. Duk ranar kasuwa, kafin ta shimfiɗa kayanta, sai ta bi ta tasha ta tsaya wajen motocin da suka fito daga gabas, ko za ta ga Yagana. Direbobin duk sun san ta. Tun daga nesa suke girgiza mata kai, ita kuma sai ta ƙarasa ta leƙa cikin motar da idonta.