Ƙwannafin Yaya Aina'u a Ciki na Takwas

Yayata Aina'u ta girme ni da shekara goma sha ɗaya, ita ta goya ni. A ƙauyenmu, wanda ke da tafiyar rabin awa a babur daga Tsanyawa in hanya ta bushe, da abu biyu aka san ta. Na farko man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, sana'ar da ta gada wajen mahaifiyarmu. Ana gobe kasuwa, tun daga bakin masallaci za ka jiyo ƙamshin suyar gyaɗa daga gidan mijinta, Malam Sabo manomi. Na biyun kuwa ƙwannafi.

Ba ta yinsa sai tana da ciki. Da wata na biyar ya kama zai taso mata, wani zafi mai tsami daga ƙahon zuci har maƙogwaro, kamar ta haɗiyi garwashi. Ciki bakwai ta yi a haka, ta haife su duka a ɗakinta, shida suna raye. A cikin shekarun nan ta karanci ciwon kamar yadda makiyayi ke karantar dabbarsa. Ba ta cin tuwo ta ƙoshi, sai dai loma biyar yanzu, biyar an jima. Yaji da tsamiya da ƙulin da take soyawa da hannunta duk sai ta bar su har ta sauka. Ba ta kishingiɗa bayan cin abinci. Ta sa Malam Sabo ya ɗora ƙafafun gadonta na wajen kai a kan bulo biyu, ta riƙa kwanciya ta gefen hagu, ta sassauta ɗaurin zani. In ya taso da rana sai ta kurɓi madarar shanu ko farau-farau mai sanyi. In ya ƙi ji, sai ta jiƙa kanwa kamar ƙwayar wake a rabin moɗa, ta sha, ta jira gyatsa.

Matan unguwa masu ciki sukan zo wajenta, su zauna a bakin murhu tana juya kasko tana yi musu bayani. Takan ce, "Ni ba ungozoma ba ce, ƙwannafi kawai na sani." Awo kuwa tun daga ciki na uku ta daina zuwa, don a ganinta ba abin da za a faɗa mata wanda jikinta bai riga ya faɗa mata ba.

Ciki na takwas ya zo tana dab da shekara arba'in, daminar shekara uku da suka wuce. Ni ma a garin nake aure, ina koyar da matan aure a Islamiyya da hantsi, in an tashi nakan biya ta gidanta. Wata Asabar, cikin yana wata bakwai, na shiga na tarar da gyaɗa a kasko wuta ta mutu a ƙarƙashinta. Yaya tana zaune kan kifaffen turmi, ta dafe haƙarƙarinta na dama.

"Yaya, ƙwannafin ne?"

Ta ɗago kai ta dube ni. Sannan ta ce, "Tahira, wannan ba nawa ba ne."

"Kamar yaya?"

"Nawa tasowa yake yi, ya zo wuya, in ji tsami. Wannan a zaune yake wuri ɗaya. Nan." Ta kama hannuna ta ɗora a ƙarƙashin haƙarƙarin. "Na sha kanwa, na yi gyatsa, ko gezau."

Na dube ta da kyau. Fuskarta ta ciko, fatar tana sheƙi, idanunta sun ƙanƙance. Kwana biyu kafin nan na ji mata a bakin rijiya suna yaba ta, wai wannan cikin ya karɓe ta, ta yi ƙiba ta yi haske. Ni ma a lokacin na yarda da su.

Inna Hure, mahaifiyar Malam Sabo, tana daga inuwar rumbu tana tsinkar zogale, ashe tana jin mu. Tsohuwa ce mai son Yaya tsakani da Allah, shekara ashirin da biyu suna gida ɗaya ba a taɓa jin kansu ba. Ta ce, "Gashi ne. Yaron da ke ciki suma gare shi, ita ke soka mata ƙirji. Kumburin kuma ai ko tagwaye ne ko namiji. Ki ƙara kanwar, Aina'u, ƙwayar wake ta yi kaɗan ga babban ciki."

Yaya ta ƙara. Daga ƙwayar wake ta koma kamar gurjiya, daga sau ɗaya ta koma sau uku a wuni.

Ranar kasuwa Malam Sabo ya tsaya a wani kyamis ya ce matarsa na fama da zafin ƙirji. Aka ba shi farin magani mai kauri a kwalba, na masu gyambon ciki. Ta sha kwana huɗu. Takalminta ya daina shiga, ta koma sa silifas ɗin mijinta. Zoben azurfar da ke hannunta ya nutse a cikin yatsa, sai da muka shafa mai muka murza kafin ya fita, ya bar shaida kamar an ɗaure wurin da zare.

Abin da ya fi tsorata ni ranar Laraba ya faru. Tana ɗura mai a kwalabe, ni ina riƙe mata. Yaya ba ta amfani da mazurari, daga ludayi take tsiyayawa kai tsaye, kuma tun ina yarinya ban taɓa ganin ɗigo ya sauka a ƙasa ba. Ran nan sai na ga man yana zuba a gefen kwalba, yana bin yatsuna, ita kuwa tana ta tsiyayawa.

"Yaya, a ƙasa kike zubawa."

Ta tsaya. Ta runtse ido ta buɗe. "Bakin kwalbar biyu nake gani. Kuma wasu abubuwa na gilmawa kamar ƙyallin kwano a rana."

Na ce gobe sai awo. Ƙaramin asibitin da muke zuwa yana tsallaken rafi, a garin da ke bakin titi, ga shi marka ta sauka, kwana uku rana ba ta leƙo ba, rafin ya kawo har ya shanye gonakin gefe. Ta ce a bari ruwa ya janye. Ta ce kuma akwai man masu biki da ta yi alkawari. Da na matsa sai ta goge hannunta da tsumma, ta dubi autarta Rumaisa, 'yar shekara huɗu, tana wasa da ɓawon gyaɗa a bakin ƙofa.

"In wani abu ya faru, Rumaisa wajenki za ta zauna. Ba ta cin miyar kuka sai an sa mata wake. Kuma tana tsoron tinkiya."

"Wace irin magana ce wannan, Yaya?"

"Magana ce kawai. Ki riƙe."

Daga nan gona na wuce, ban ko koma gida ba. Na sami Malam Sabo a cikin gero yana huɗa, ruwa na tsiyaya daga malafarsa. Ban taɓa tare shi da magana a waje ba sai ran nan. Na faɗa masa zancen man, na faɗa masa zancen Rumaisa. Ya saɓa garma a kafaɗa, ya dubi sama, hadari ya haɗe baƙi ƙirin ta gabas. Ya ce, "Gobe da safe, ko rafin ya janye ko bai janye ba."

Da safe rafin bai janye ba. Yaya ta tashi da ciwon kai wanda ta ce kamar ana sara mata goshi, ta yi amai sau biyu. Aka shimfiɗa katifa a amalanke, shanu suka ja mu har bakin ruwa. Ruwan ja ne, yana tafe da karare da rassan itace. Maza huɗu suka ɗora ta a kan ƙyauren da aka ciro daga zaure, suka ɗaga a kafaɗa suka shiga, ruwa har ƙirjinsu. Ina biye, na riƙe rigar Malam Sabo ta baya. Har muka haye Yaya tana ta maimaita hasbunallahu a hankali.

Malamar asibitin, Malama Ummukulthum, mace ce mai yawan raha, takan tsokani masu ciki tun daga ƙofa. Ta fara tsokanar Yaya, wai yau manya sun tuna da su. Ta naɗa mata abin awon jini a dantse, ta matsa, ta duba. Sai rahar ta ɗauke. Ta kwance ta mayar ɗaya hannun, ta sake matsawa. Ta danna ƙaurin Yaya da babban yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa.

"Tun yaushe take jin ciwon nan na haƙarƙari?"

Na ce, "Kwana goma sha biyu. Mun zaci ƙwannafi ne."

"Me take sha?"

"Kanwa, da wani farin magani."

Ba ta yi mana faɗa ba, kuma na fi son a ce ta yi. Ta ɗauko allura ta yi wa Yaya, ta rubuta takarda, ta fita da kanta bakin titi ta tsayar da wata bas, ta roƙi fasinjojin kujerar baya su sauka. Ta ce wa Malam Sabo, "Babban asibiti, yanzu. Jininta ya hau ƙwarai. Kada ku tsaya ko'ina. In ta fara jijjiga ku kwantar da ita ta gefe, kada ku cusa mata komai a baki."

Mun yi kamar rabin hanya lafiya. Kanta yana kan cinyata. Sai na ga gefen bakinta yana rawa, kamar mai shirin murmushi. Na kira ta, ba ta amsa ba. Idanunta suka juye, jikinta ya sandare, sannan ya kama karkarwa har kujerar na motsi. Wata tsohuwa a gaba ta fara salati. Na juya ta gefe yadda aka ce, na riƙe, ina jin haƙoranta na gurzar juna. Direba bai waiwayo ba, ya dai ƙara wuta.

Kafin azahar aka shiga da ita tiyata. Aka ciro mace, bakwaini, ba ta fi tsawon tafin hannu biyu ba, aka sa ta a kwalba. Malam Sabo ya yi mata huɗuba ta jikin gilashi. Yaya kuwa kwana biyu ba ta san inda take ba. Likitar da ta duba ta ta zaunar da mu a baranda ta yi mana bayani da Hausa: hawan jini ne na masu ciki, shi ya kumbura ta, shi ya taɓa idonta, zafin haƙarƙarin kuma hanta ce ke ciwo, ba abinci ne ke tasowa ba. Ta ce kanwa in ta yi yawa aikin gishiri take yi a jiki, ƙara wa jinin hawa take. Ta ce da an ƙara wuni ɗaya, da wata maganar ake yi.

Jaririyar ta kwana biyar ta koma. Yaya ta gan ta sau ɗaya, an tura ta a keken marasa lafiya. Da aka faɗa mata, ta ce Allah ya sa mai ceto ce, ta juya fuska bango.

Bayan kwana goma sha tara muka dawo gida. Washegari da hantsi Inna Hure ta sa aka hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunya don wankan jego, ita kuma ta dama kunun kanwa mai kauri ta kawo ƙofar ɗaki da hannunta. A wajenta, macen da ta haihu ba ta sha kunun nan ba sanyi zai kama ta ya kashe. Likita kuwa ta hana duka biyun. Yaya ta dube ni, na dube ta, ba mai iya mayar wa Inna da ƙwarya. Har Yaya ta miƙa hannu za ta karɓa sai Malam Sabo ya shigo. Ya durƙusa a gaban mahaifiyarsa, ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu.

"Inna, ki yi mini aikin gafara. Wannan karon ba za ta sha ba."

"Ni na sha, uwata ta sha, ita ma sau bakwai tana sha."

"Haka ne, Inna. Amma ni na ga abin da ya faru a cikin motar nan."

Tsohuwar ta yi sati ba ta amsa gaisuwarsa da sakin fuska ba. Daga baya ita ce ta koma dama wa Yaya kunun gyaɗa, ba kanwa, ba ta kuma sake tayar da zancen ba.

Yaya ba ta koma bakin kasko ba. Idonta na hagu dishi-dishi yake gani, hayaƙi kuma yana sa ta haki. Babbar 'yarta ce ke suya da matsa yanzu, ita sai ɓarar gyaɗa a inuwa. Masu ciki suna zuwa har yau, tana faɗa musu zancen madara da bulo da cin abinci kaɗan-kaɗan, amma sai ta fara tambayar katin awo, wadda ba ta da shi sai ta ce mata ta je awo ta dawo. Wasu sun daina zuwa, suna cewa tun da aka yanka ta tsoro ya shige ta.

Kullum da safe tana haɗiyar ƙwaya biyu. Duk wata ina raka ta wajen Malama Ummukulthum, jinin yakan sauka ya sake hawa. A zuwanmu na ƙarshe Malama ta daɗe da abin sauraro a ƙirjinta, ta sa ta yi numfashi, ta sake saurarawa. Sannan ta rubuta takarda zuwa Kano, ta ce a duba zuciya, kada a wuce Litinin mai zuwa. Na riga na yi wa mai mota magana.

A hanyar dawowa, tsakanin titi da gida, sau huɗu muka tsaya. A na huɗun ta dafa wata bishiyar ɗorawa, ta daɗe tana mayar da numfashi.

"Ki rage sauri, Tahira," ta ce.

Ni kuwa a tsaye nake, ban ko ɗaga ƙafa ba.