Mai Leda Ya Daina Amsawa

Tun yana saurayi yake tsayuwa a ƙofar kasuwa da damin leda a kafaɗa. Ya lashi babban yatsa, ya murza bakinta, ta buɗe kafin mai saye ya miƙo hannu. A nan sunansa na yanka ya ɓace. Har matarsa in za ta kwatanta gidansu sai ta ce gidan Mai Leda.

Da gwamnatin jiha ta hana leda, bai yi musu ba. Shi ma akuyarsa leda ta haɗiya ta mutu, kuma kowace damina kwatar ƙofar gidansa sai ta toshe. Ya koma sayar da jakar takarda, ruwan farko ya jiƙa masa ita ta narke.

Wata safiya tsohon abokinsa mai gyaran keke ya hango shi, ya ɗaga murya: "Mai Leda! Kwana biyu!" Ya waiwaya, ma'aikatan muhalli da ke sintirin kamen leda a wurin ma suka waiwaya. A gaban jama'a suka zazzage masa buhu, suka lalube shi har aljihu. Ba su samu komai ba, ko sannu kuma ba su ce masa ba.

Tun daga ranar ya daina amsawa. In an kira, sai ya sunkuyar da kai ya wuce kamar da wani ake.

"Malam, mutane fa suna tambaya," in ji matarsa. "Me za su riƙa ce maka yanzu?"

Ya daɗe yana murza yatsunsa biyu, ba komai a tsakaninsu.

"Ki bari kawai," ya ce. "Wa ma zai kira ni?"