Ranar da dutse ya tare mini rana

Shekarun baya ƙungiyar masu kiwo ta garinmu, kusa da Filinge, ta zaɓe ni in je Faransa koyon sarrafa madara. Aka kai ni wani ƙauye a cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi ta ko'ina, kawunansu fari fat da ƙanƙara. Ni da nake taƙama da dutsen Filinge, ashe tudun tururuwa nake hawa!

Wallahi na tsani wurin. A ƙasarmu Kurfai kana hango raƙumi tun yana kamar ƙuda, can kuwa duk inda ka juya bango ne. Na kira mahaifiyata na ce gida zan komo, koyon ya zauna.

"Mi za ka ce wa mutanen da suka tura ka?" ta tambaye ni. Duk da haka na ɗaure jakata.

Ana haka azumi ya kama. Ranar farko ina fitowa daga garke na ga rana ta ɓace, kwarin ya yi duhu. A wurinmu in rana ta faɗi, ai magana ta ƙare. Na yi bisimilla, na ɗauki dabino. Abokina ɗan Maroko, wanda ya tashi cikin duwatsu, ya yi caraf ya riƙe hannuna.

"Ina za ka kai shi? La'asar ce fa! Ɗaga kanka."

Na ɗaga. Can bisa, ƙanƙarar kan dutse ta yi jawur, rana na dukanta sosai.

"Ba ta faɗi ba," in ji shi, yana ta dariya. "Dutse ne ya tare maka ita."

Muka zauna bakin garke muna kallon hasken yana hawa a hankali har ya bar tsinin ƙarshe. Yunwa na cina, amma tun zuwana ban taɓa jin sanyi a raina irin na lokacin ba. Da na ba mahaifiyata labari sai ta ce, "Yo ashe ranar tamu ce can ma? To zamna ka ƙare abin da ya kai ka, ɗana."

Na kwance jakar.

Yau matan garinmu na yin cuku da abin da na koyo, madarar damina ba ta lalacewa. Ni kuwa har yanzu in an kira magariba cikin azumi, sai na leƙa kan dutsen Filinge tukuna. Matata ta ce duk Kurfai ni kaɗai ne ladan bai isa ba.