Hira da Umma babu murya

Kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba. Ba wulaƙanci ba ne, muryar ce ta tafi ta bar ni.

Da ɗan kumburi a wuya abin ya fara. Ina ta rufe shi da hijabi, wai zai baje, har haɗiyar shinkafa ta fara gagarata. Rahila, 'yar Jos da muke gida ɗaya a unguwar Sentul, nan ƙasar waje da muke karatu, ita ta ja ni asibiti.

Gwajin jini, hoto, allura a wuya. Maƙoƙo ne, sai tiyata. Likita ta ce, "Aikin zai iya taɓa muryarki."

Ya kuwa taɓa. Na farka, in buɗe baki sai iska.

Na tsorata ƙwarai, saboda Umma. Mahaifiyata ba ta iya karatu ba, balle in tura mata saƙo. In ba ta ji muryata ba, ko abinci ba ta iya ci.

Digirina a kan wata tsohuwar 'yar fim ta Faransa nake yi, wadda Rahila ke kira "kakarki". Ta fara fim tun ba a sa magana a ciki, da ido da gira kawai take sa mutane kuka. Da magana ta shigo, aka ce muryarta ta yi kaushi, ta gama yawo. Ina! Har ta yi furfura tana fim da muryar nan.

A gadon asibiti na sake kallonta. Rahila ta leƙo wayar, ta ce, "Kakarki ta nuna miki hanya ai. Kira Umma ta bidiyo."

Na kira. Umma ta ce, "Kin ci abinci?" Na gyaɗa kai. Ta ƙura mini ido, ta ce, "Ƙarya kike, Bilki."

Haka muka yi ta hira kullum, ita da baki, ni da fuska.

Na sha atisayen murya har na gaji. Wata Juma'a, muna cikin hirarmu, sai ga shi na ce, "Umma." Muryar kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba.

Ta matso da fuskarta kusa da wayar. Can ta ce, "Sake faɗa."

Alhamdulillahi. Rahila, Allah ya saka da alheri. 'Yan'uwa ɗalibai da kuka cike abin da inshora ta ƙi biya, na gode. Don Allah, kumburin da ya ƙi bajewa, a kai wa likita da wuri.

Muryar dai har yau da kaushinta. Umma ta ce a bar mata ita haka.