Tarwaɗa a Ƙwaryar Nono

Ni ne wawan wannan labari, kuma na faɗa tun a saɗarar farko domin jikokina su huta da bincike.

Wata bazara aka yi su a tafkin da ke bayan ganuwar garinmu. Ruwa ya ja baya, maza suka faɗa da homa, ni kuwa Allah ya ba ni tarwaɗa mai tsawon hannuna, daga kafaɗa har yatsa. Mahassada sun ce daga gwiwar hannu ne. Na bar su da Allah.

Lokacin mai ɗakina tana jego, bakinta ya mutu, ban da kunun kanwa ba ta iya haɗiyar komai. Goggonta da ta zo yi mata wanka ta tafi neman itace. Ni kuwa na taɓa bin fatake zuwa ƙasar Nufe sau ɗaya, ina kora musu jakuna, na ga yadda matan bakin kogi ke soya kifi su kwarara masa miya. Su da manja suke yi. Da karatuna na izu tara na yi ƙiyasi, na yanke hukunci cewa man shanu ya fi, na shiga madafa ba mai hana ni.

Tarwaɗa sai an goge santsinta da toka da ruwan zafi, kuma tana son wuri mai faɗi. Na ɗaga kai na ga wata babbar ƙwarya a ragaya, ta yi ja don tsufa, da ɗinki a gefe guda. Na sauke ta. Ƙwaryar nonon matata ce, ta gaje ta daga mahaifiyarta, Bafillatana ta wajen Mahuta, wadda ta rasu tun kafin aurenmu. Gishiri bai taɓa shiga cikinta ba, balle nama. Na san wannan, amma irin sanin da namiji ke yi wa kayan mata, wanda ba ya isa hannu.

A ciki na wanke kifin, na yanka shi gunduwa-gunduwa, na barbaɗa gishiri da barkono, na bar shi ya jiƙa daga la'asar. Sannan na narka man shanu a kasko har kumfarsa ta kwanta, na zuba albasa da masoro, na soya kifin, na matse lemon tsami a sauran man na kwarara a kai. Gaskiya ɗaya zan faɗa wa kaina: ya yi daɗi. Bayan magariba mai jego ta cinye gunduwa uku da tuwon dawa, har tana suɗe yatsa. Na zauna ƙofar ɗaki ina gyaran murya.

Da safe goggo ta tsinci ƙwaryar a kife bayan murhu. Ta shinshina, ta yi salati.

Kwana uku suna fama. Suka dirje ta da toka, suka dirje da yashi, suka shanya a rana, suka turara ta da hayaƙi. A na huɗu aka zuba madara. Ta kwana ta yi kindirmo mai kyan gani, amma ƙarni ya bi ta har ƙasa. Matata ba ta yi kuka ba. Ta ɗora ƙwaryar a cinya, tana bin ɗinkin da babban yatsa.

Yanzu da tsufa ya zaunar da ni, nakan ga cewa don matata na shiga madafar nan, kuma a duk gidan ƙwaryar nan ce kaɗai abinta wanda ba ni na kawo ba. Ranar kuwa ban ga haka ba. Fatawa na kama.

Na ce, “Kifi halal ne, nono halal ne. Ban ga inda ƙwarya ta yi najasa ba.”

Goggo ta ce, “To Malam, sai ka sha.”

Na kauce wa wannan, na juya ga matata. Na ce, “Ke, kwantar da hankalinki. Ranar kasuwar Danja zan kawo miki sabuwa, wadda ta fi wannan girma, ba ɗinki ba tsaga.”

Ta ɗago kai ta dube ni, karon farko a kwana huɗu.

Ta ce, “In ka je, Malam, ka tambaye su ko suna da wadda Inna ta ɗinke.”