Angar Jirgin Surukina

Sana'ata fenti ce. Allunan shaguna da yawa a kan babbar hanyar Diffa aikin hannuna ne, kuma ni mutum ne da ba ya jure ganin aikinsa ya ƙwarzane. In na wuce na ga an jingina keke a jikin allon da na rubuta, sai na tsaya na yi faɗa, ko da shagon ba na ubana ba ne. Wannan halin nawa shi ya ja mini abin da har yau ban gama haɗiye shi ba.

Surukina, mahaifin matata, masunci ne daga wajen Bosso. Da rikici ya tashe su, da ƙafa ya iso Diffa, shi da iyalinsa da buta ɗaya a hannu. Jirginsa can ya baro shi bakin ruwa, bai sake jin labarinsa ba. Shekaru ya yi a zauren gidan aro yana gyara wa mutane taru, ba ya ƙorafi, ba ya kuma dariya. Daga baya 'ya'yansa suka haɗa kai aka yi masa sabon kwalekwale na katako, don ya riƙa ɗauko buhunan tattasai daga gonakin bakin kogin Komadugu, ya jefa taru in an bari. Ni kuwa na ce fenti nawa ne, kada wanda ya sa hannu.

Kwana shida na yi a kansa. Na sa masa shuɗi a jiki, na ja jan layi daga hanci har baya, yadda matata ta ce tsohon jirgin yake. Ranar da aka tura shi ruwa, tsoho ya shafa gefensa da tafin hannu ya ce, "Madalla." A wajen surukina wannan doguwar magana ce. Tsakaninmu akwai kunyar surukuta: ba na zama inda yake zaune, ba na cin abinci a gabansa, in zan gaishe shi sai na cire takalmi na durƙusa daga nesa. Duk abin da nake so ya ji, ta bakin matata yake bi.

Abin da ya hana ni sakat shi ne anga, ƙarfen da ake jefawa ruwa ya riƙe jirgi a wuri ɗaya. Tasa wani mai walda ne ya haɗa ta: guntun ƙarfen mota mai nauyi, da rodi huɗu da aka lanƙwasa kamar ƙafar kaza. Duk sanda tsoho ya jawo ta sai ta daki hancin jirgin, ta ja fenti ta kware. Kafin mako biyu shuɗin nan nawa ya cika da tabo, katako na leƙowa fari fat. Ranar da na gani, wallahi abincin rana bai shiga ba.

Na ce wa matata ta yi wa Baba magana. Ta dube ni ta ce, "Kai dai da neman magana. Jirgi ne fa, ba ƙofar ɗakin amarya ba. Ni ba na kai wa Baba wannan."

To, hanyata ɗaya ta zuwa gare shi ta toshe. Sai na yanke shawarar in gyara abin da kaina, in ba shi mamaki.

Wata Juma'a da hantsi na tafi bakin kogi, don na san ran Juma'a ba ya shiga ruwa. Lokacin Komadugu ta cika maƙil, ta shanye turakun da ake ɗaure jirage, kowane jirgi angarsa kaɗai ke riƙe da shi. Na naɗe wando na shiga, na jawo angar. Na zo da robar cikin taya da na yanka dogaye. Na bi rodi huɗun nan ɗaya bayan ɗaya na naɗe su tam, har kowane ya zama dunƙule kamar kan taɓarya. Na gwada ta a hancin jirgin, ko alama ba ta bari ba. Na mayar da ita ruwa, na koma gida ina jin babu mai dabara kamata a garin nan.

Muna fitowa daga masallaci matata ta kira ni a waya ta ce, "Jirgin Baba ba ya nan."

Ban san yadda na isa bakin kogi ba. Na tarar da tsoho da masunta huɗu sun bi gaɓa suna gangarawa inda ruwa ke tafiya, na bi bayansu. Mun yi tafiya mai nisa kafin wani ya nuna da hannu. Ga shi can, ya maƙale cikin rassan itatuwan da ruwa ya ci, a wancan ƙetaren. Wancan ƙetaren Najeriya ce, kuma a lokacin sojoji sun hana haye a wannan yankin, ba wanda ya san su wa ke cikin dajin.

Masunta suka hau gardama, wannan ya ce ɓarayi ne, wancan ya ce igiya ce ta tsinke. Tsoho ya girgiza kai.

"Igiya ba ta tsinke ba, ga ta can a miƙe," in ji shi. "Ƙasan nan laka ce, farcen angar ke nutsewa ya riƙe. Angar nan ba ta taɓa sakina ba."

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Ni da hannuna na dakushe mata farce, ta bi laka tana sulɓi. Na ji bakina ya buɗe da kansa, a tsaye, da takalmi a ƙafata, abin da ban taɓa yi a gabansa ba.

"Baba, ni ne. Na naɗe ta da roba, don kada ta ɓata fenti."

Ya juyo ya dube ni cikin ido, karo na farko tun da na auri 'yarsa.

"Da roba?"

"Da roba, Baba."

"Duka huɗun?"

"Duka."

Ɗaya daga cikin masuntan ya riƙe baki. "Kai, malam! A hancin jirgi ake buga guntun taya, ba a jikin anga ba. Ba ka ga namu ba ne?" Na gani mana, sau ɗari na gani. Baƙaƙen tayoyin nan da ke manne a hancin jiragensu, ni a wajena rashin sanin ado ne kawai. Ban taɓa tambayar amfaninsu ba.

Mun je wajen sojoji mun roƙa, babbansu ya saurare mu da mutunci ya ce ba hali. Na ce to zan yi iyo in jawo shi, ko me zai faru ya faru. Tsoho bai aiko matata ba, da bakinsa ya faɗa mini: "Ba ka zuwa. 'Yata ba za ta yi takaba saboda katako ba." Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Kullum da safe sai ya taka har wurin nan ya tsaya yana kallon jirginsa, ni kuma ina bin sa daga nesa, na kasa matsowa, na kasa zama gida. Rana ta tara, bai waiwayo ba ya ce, "Fentinka ya yi kyau. Daga nan ma ana ganin jan layin."

Washegari da muka zo, babu jirgin a cikin rassan. Tsoho ya koma zaure ya ɗauki tarun mutane ya ci gaba da gyara.