Kondu da Jan Biro a Gidan Kaka Byeon

Ranar Litinin, biyu ga Maris, 2015, da ƙarfe tara da kwata na safe, Kondwani Nyirenda ya shigo ofishina na ɗakunan kwanan ɗalibai a Jeonju, yana jan akwati mai karyayyar taya. Daga Malawi ya zo karatun noman shinkafa. Na tambaye shi shekarunsa don in san yadda zan riƙa kiransa. Ya duba allon sunana, ya kwashe da dariya.

"Malam Pyo, ko gaisawa fa ba mu gama ba!"

Ashirin da shida. Na rubuta, na ba shi ɗaki mai lamba 307.

Shekara goma sha tara ina wannan aiki, ban ga ɗalibin da komai ke burge shi kamar Kondu ba, sunan da kowa ya koma kiransa da shi ke nan. Kwanansa uku ya faɗo ofis yana haki: "Malam, daɓen ɗakina zafi gare shi! Gobara ce a ƙasa?" Na ce ɗumama ɗaki ake yi. Daga ranar ya ƙaurace wa gado, a ƙasa yake barci, a ƙasa yake shanya safa. Littafina ya nuna ya ɓatar da katin ƙofa sau huɗu, ya zuba ƙashin kaza a bokitin ragowar abinci sau biyu, abin da dokarmu ta hana.

A watan Nuwamba aka sanar cewa za a rufe ɗakunan daga ashirin ga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu don gyara. Kondu yana da shinkafar gwaji a rumfar gilashi, kullum sai ya auna ta. In bai sami ɗaki kusa ba, aikin shekara guda ya lalace. Na bi gidaje bakwai, duk a cike. Saura gidan Kaka Byeon, maƙwabciyar mahaifiyata, mai shekara saba'in da takwas, wadda ta rantse ba ta ƙara ajiye ɗalibi.

Ranar Asabar, ashirin da ɗaya ga wata, take haɗa kimchin hunturu, wato kabeji mai barkono da muke adanawa. Na kai shi a matsayin mai taya aiki. Kabeji ɗari da hamsin a tsakar gida, an jiƙa su da gishiri tun jiya, mata biyar sun zagaye baho. Kaka ta dube shi sama da ƙasa.

"Wannan dogon, ci ya zo yi ko aiki?"

"Duka biyu, Kaka!"

Aka saka masa safar roba mai ruwan hoda, wadda ko wuyan hannunsa ba ta rufe ba. Ya durƙusa yana shafa barkono ganye-ganye, yana waƙar garinsu. Kaka ta naɗe dafaffen nama a ganyen kimchi ta cusa masa a baki. Hawaye suka zubo masa, ya ce, "A ƙaro!" Matan suka yi ta dukan bayansa suna dariya. Da la'asar Kaka ta ce mini, "Ya dawo gobe mu gani."

Ina kyautata zaton a daren nan ya ɗauki jan biron teburina, don ranar na rasa shi. Da shi nake soke sunan wanda ya bar makaranta.

Washegari muka koma. Kondu ya miƙa wa Kaka katin godiya da hannu biyu, yadda ya koya. Ya zana sunanta da baƙaƙenmu, Byeon Sun-rye, manya-manya, ba kuskure ko ɗaya. Da jan tawada.

Kaka ta ajiye katin a ƙasa kamar garwashi.

"Malam, na ɓata wani baƙi ne?"

"Kondu, sunan mamaci ake rubutawa da ja."

"Wayyo! Ni launin barkononta na zaɓa!"

Kaka ta juya baya. "Pyo, kwashe baƙonka. Ko shiga bai yi ba ya fara yi mini jana'iza."

Na riga na fara neman takalmina. Kondu kuwa ya zaro biron daga aljihu, ya durƙusa, ya rubuta nasa sunan ƙarƙashin nata, da jan.

"To Kaka, ga ni nan. In tafiya ce, tare za mu, in riƙe miki jaka."

Kaka ta yi tsalle irin wanda ban zaci ƙafafunta za su iya ba. Ta fizge biron, ta kai masa duka a kafaɗa.

"Kai, wawan yaro! Uwarka na can na jiranka, za ka bi tsohuwa?"

Ta yayyaga katin, ta kinkimo kwanon ragowar gishirin kabeji, ta watsa masa don korar sharri, ta watsa wa kanta, ta watsa mini har cikin kwalar riga. Kondu yana dariya yana kakkaɓe gashi.

"Wannan in aka bar shi shi kaɗai, kashe kansa zai yi kafin bazara," in ji ta. "Ɗakin yana bayan tulunan miya. Kada ka taka mini daɓe da takalmi."

Ya tare ranar sha tara ga Disamba. Shinkafarsa ta yi, ya kuma zauna a gidan har ya kammala a Fabrairun 2018. Yanzu yana aikin binciken iri a Karonga, can Malawi, yana da mata da 'ya ɗaya, Sun-rye, takwarar Kaka. Kaka Byeon ta rasu a watan Afrilun 2021. Duk Nuwamba yana turo mini hoton kimchin da ya haɗa. Jan biron bai dawo ofis ba, na rubuta shi cikin kayan da suka ɓata.